Gina Tsauni a Teburin Ƙaramin Jirgin Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur suna tafiya da lantarki, sun fi yawa a Jamus, Ingila, Amurka da Japan, amma duk inda suke matsalarsu ɗaya ce da zarar an gama ɗaura layi: yaya za a yi dutse ya fito kamar na gaske, ba kamar tulin filasta da aka kifa a kan katako ba. Ga tambayoyin da sababbin shiga suka fi maimaitawa.

Da wanne zan fara, dutsen ko dogon?

A wurin aiki, dogo ne farko. Ka shimfiɗa shi, ka ja wayoyinsa, ka bar jirgi ya yi ta zagaye gaba da baya har ka tabbatar babu inda yake tuntuɓe ko ya sauka daga layi. Gyaran da zai ɗauke ka minti biyar a fili, idan dutse ya rufe wurin sai ya ci maka yini.

Amma a wurin zane, dutse ne farko. A duniyar gaske tsauni ya riga jirgi zuwa, injiniyoyi ne suka zo suka lallaɓa shi: nan su yanka, can su cike kwari, inda abin ya gagara su huda ko su kafa gada. Abin da ke sa shimfiɗa ta yi kama da gaske ke nan, mai kallo ya ga dalilin kowace kwana. Idan layinka ya lanƙwasa, a ga ƙaton dutsen da ya tilasta masa. Saboda haka kada ka ɗora komai a kan shafaffen allo guda. Ka ɗaga dogon a kan siraran katakai aƙalla santimita 10 sama da firam ɗin tebur, domin ƙasa ta samu inda za ta gangara ƙasa da layi. Tsaunin da ba shi da kwari a gefensa ba ya gamsar da ido.

Wane tsayi ya kamata dutsen ya kai?

Lissafin ma'auni ba zai taimake ka a nan ba. A ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa, ana rage komai sau 87. A N sau 160. A Z da kamfanin Märklin ya fito da shi a 1972 sau 220. Ke nan dutse mai tsayin santimita 60 a HO bai wuce mita 52 ba a zahiri, ɗan tudu ne kawai. Matterhorn na Suwizalan yana da mita 4,478 daga matakin teku; da za a rage shi daidai a HO, sai ya haura mita 50. A Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da ke Hambug a Jamus, wanda aka buɗe a 2001 kuma babu shimfiɗar da ta kai shi girma a duniya, Matterhorn ɗinsu kusan mita 6 ne, sai da aka fasa daɓen bene kafin ya samu wuri, amma duk wanda ya tsaya a gindinsa ya san tsauni yake kallo.

Dabarar ita ce kada ka nuna dutsen gaba ɗaya. Ka gina gindinsa da kafaɗarsa, ka bar ƙololuwar ta haura saman idon mai kallo ko ta shige cikin hoton bango. Dutsen da ake ganin farkonsa da ƙarshensa a kallo ɗaya nan take yake tona wa kansa asiri. Sauran dabarun nisa suna cikin amsar da ke magana kan bishiyoyi da bango.

Wane irin hawa jirgin zai iya ɗauka?

Ka tsaya a kashi 2 cikin 100, wato hawan santimita 2 a kowace mita guda. Kashi 3 yana yiwuwa idan taragai kaɗan ne. Ko jiragen gaske ba sa wuce haka sosai: sanannen zagayen Tehachapi a Kalifoniya, wanda aka kammala a 1876, bai wuce kashi 2 da 'yan kai ba. Layin Bernina a Suwizalan yana kai kashi 7, amma gajerun jirage ne masu lantarki da aka ƙera musamman don wannan hanya.

Ga inda mutane ke shan mamaki. Idan kana son layi ya haye ta saman wani a HO, kana buƙatar kusan santimita 10 tsakaninsu idan an haɗa da kaurin gada. A hawan kashi 2, wannan mita 5 ne na dogo. Kwana kuma tana ƙara wa kan jirgi nauyi, don haka hawa a cikin matsattsiyar kwana ya fi wahala fiye da abin da lissafi ya nuna. Farkon hawa da ƙarshensa su zama a hankali, in ba haka ba maɗaurin taragai zai riƙa kwancewa. Masu ƙarancin wuri suna ɓoye murɗaɗɗen layi mai hawa-hawa a cikin cikin dutsen, abin da ba ƙarya ba ne gaba ɗaya: a tsohon layin Gotthard na 1882 a Suwizalan, fasinja yana ganin cocin ƙauyen Wassen har sau uku saboda yadda layin ke juyawa yana hawa.

Da me ake yin ƙashin dutsen?

Hanyoyi biyu ne suka fi. Ta farko kwali: ka yanka tsohon kwali tsiri-tsiri, faɗin santimita 2 zuwa 3, ka kafa wasu daga bango zuwa bakin dogo, ka saƙa wasu a kwance, tazarar kamar faɗin tafin hannu, ka manne mahaɗarsu da bindigar gam ko sitefila. A kai sai ka shimfiɗa yankakkiyar takarda ko tsumma da aka tsoma a filasta, ninki biyu ko uku. Ba ta cin kuɗi, ba ta da nauyi, cikin dutsen kuma fayau yake, wanda ke da amfani idan akwai layi a ciki. In siffar ba ta yi maka ba kafin a sa filasta, ka ɓalle tsiri biyu ka sake lanƙwasa su, shi ke nan. Akwai bandejin filasta da ake sayarwa don wannan aiki, kuma shi ne dai irin wanda asibiti ke ɗaure karaya da shi.

Ta biyu allon soso mai tauri, shuɗi ko ruwan hoda, wanda ake sa wa bangon gidaje a ƙasashen sanyi. Ana jera shi hawa-hawa, a manne, a sassaƙa da wuƙar burodi da magagari. Daɗinsa shi ne dasa bishiya: ka soka kawai ta tsaya. Ga babban tsauni ni na fi son kwali. Ga ƙananan tuddai da bakin kogi, soso ya fi ba da iko. Ragar waya ta keji tsohon yayi ce, tana yankan hannu, kuma guntun waya kusa da dogo mai lantarki ba abokin zama ba ne.

Farin soson da ke zuwa a kwalin firji ko talabijin zai yi?

Zai yi a matsayin ciko. Ba ya sassaƙuwa da kyau, yana warwatsewa ƙwaya-ƙwaya su manne a ko'ina, don haka dole a lulluɓe shi da filasta. Ko wane irin soso ne, kada gam mai ƙarfin wari irin na masu gyaran takalma, fentin gwangwani na feshi ko fetur su taɓa shi, narkewa zai yi. Farin gam na kafintoci ba ya cin sa, sai dai yana daɗewa bai bushe ba tsakanin allo da allo saboda iska ba ta shiga. Ka soke su da tsinken tsire su riƙe juna kafin nan. Idan da zafaffiyar waya kake yanka, ka yi a waje, hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Filastar POP da ake yin silin da ita ta isa, ko sai na nemo ta musamman?

Ta isa. A Amurka suna son wani garin filasta mai suna Hydrocal saboda ya fi tauri ko da an yi shi siriri, amma POP ta fi sauƙin sassaƙa kuma ta fi shan launi. Ruwa ake fara zubawa a kwano, sannan a barbaɗa garin a kai har ya daina nutsewa, a ɗan dakata, a juya a hankali. Don tsoma takarda, kaurinta ya zama kamar kunun da ba a cika kauri ba. Don sassaƙa, ta fi haka ƙarfi. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin cikin minti goma zuwa ashirin ta fara kamawa, a lokacin zafi ma ba ta kai haka. Da zarar ta fara tauri kada ka ƙara ruwa, ta riga ta mutu, zubar da ita za ka yi.

Abubuwa uku da ba a gaya wa sabon shiga: ragowar busasshiyar filasta a kwano tana sa sabon kwaɓi ya kama da wuri, don haka a yi amfani da kwanon roba mai lanƙwasuwa da za a iya ɓare shi tas, 'yan ɗigon ruwan khal suna jinkirta kamawa, kuma ba a wanke kwanon a bahon da ke da bututu, don a can ciki za ta daskare. Ka zuba ɗan launin ƙasa a ruwan kwaɓin, ta yadda in wani wuri ya ɓantare nan gaba ba farin tabo za a gani ba. Kafin ka fara, rufe dogo da salatif na takarda.

Yaya ake fito da fuskar dutse, da tsagoginta da gaɓoɓinta?

Kafin ka taɓa filasta, ka zaɓi dutse ɗaya na gaske ka tara hotunansa. Yawancin tsaunukan tebur da suka lalace, daga ka aka yi su. Duwatsu ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu shimfiɗa hawa-hawa, waɗanda laka ko yashi ya taru ya zama su. Layukansu suna tafiya tare, in sun karkata duk tare suke karkata, kuma dole layin da ya ɓace a wannan gefen kwari ya sake fitowa a wancan gefen a kan kusurwa ɗaya. Akwai ƙaƙƙarfan dutse irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, shi ba shi da layuka, manyan tsagogi yake da su da kafaɗu masu santsi. Inda aka fasa dutse da nakiya don layi ya wuce, fuskar tana da kaifi da haske fiye da wadda ruwa da rana suka daɗe suna ci. Haɗa waɗannan a bango ɗaya ba dalili shi ne kuskuren da ko wanda bai san dutse ba zai ji wani abu bai zauna ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce mazubin roba. Kamfanoni kamar Woodland Scenics da Noch suna sayarwa, kuma kana iya yin naka: ka samu gutsuren dutse ko gawayi mai kyawun zane, ka shafa masa ruwan roba, ya bushe, ka sake, sau biyar ko shida, da bandeji a tsakiya don ƙarfi. Gawayi yana da kyau saboda tsagoginsa ƙanana ne, sun dace da ma'auni. Ka jiƙa mazubin, ka zuba filasta, ka jira. Lokacin ɗorawa shi ne sa'ad da ka ɗan lanƙwasa robar ka ga saman filastar yana tsattsagewa maimakon gudana. Ka fesa wa jikin dutsen ruwa, don busasshiyar filasta tana zuƙe ruwan sabuwa ta hana ta kamawa, ka danna mazubin ka riƙe har ka ji ya yi ɗumi a tafin hannunka, sannan ka ɓare a hankali daga gefe. Na gaba ya ɗan hau kan na farko. Ka riƙa juya mazubin kana fasa wasu, kada zane ɗaya ya yi ta maimaituwa. In babu roba, takardar alminiyam mai kauri da aka cukuikuye aka ɗan buɗe tana yi, ko da yake zanenta ba shi da alƙibla.

Mahaɗar da ke tsakanin zubi da zubi ita ce wurin gwaninta. Ka cike da filasta, tun tana da ɗanye ka ci gaba da tsagogin da bakin wuƙa daga wannan zuwa wancan, ka daddanna da buroshin waya. Kuma kada dutsen ya zama fuska tsirara daga sama har ƙasa. A mafi yawan tsaunuka, ƙasa da ciyayi sun fi dutsen da ke bayyane yawa; yana leƙowa ne inda gangare ya yi tsanani har ƙasa ta kasa zama.

Na shafa fenti ruwan toka, sai dutsen ya koma kamar roba. Me ya faru?

Fentin ya yi kauri, kuma launi ɗaya ne. Filasta rina ta ake yi. Ka tsinka fentin akirilik da ruwa sosai har ya zama ruwan launi, ka shirya uku: rawaya-rawaya ta ƙasa, ja-ja mai ƙuna, da ruwan ƙasa mai duhu. Ka ɗiɗɗiga na farko nan da can, na biyu a wasu wuraren, kana barin fari a tsakani, sannan ka malale duka da na uku. Bayan ya bushe, ka bi da baƙi tsinkakke ƙwarai, ya gangara cikin tsagogi ya zama inuwa. Daga ƙarshe ka ɗebi ɗan fenti mai haske a busasshen buroshi, ka goge kusan duka a tsumma, ka shafi gefunan da suka fito kawai.

Daga haske ake tafiya zuwa duhu, don ƙara duhu abu ne mai sauƙi, rage shi kuwa wahala. Ka gwada a kan ɓantararren yanki tukuna, a ƙarƙashin fitilar da za ta haska teburin. Duk inda gam ya taɓa filasta ba zai sha launi ba, shi ya sa rini ke zuwa kafin ciyawa. Wanda ya riga ya shafa mai kauri, ya mayar da dutsen fari da fentin bango marar sheƙi ya sake, ko da yake ba zai sha kamar ɗanyar filasta ba.

Zan iya amfani da ƙasa da tsakuwa na gaske?

Babu abin da ya kai su. Ka tankaɗe da rariya, ka gasa a tsohon faranti don kashe ƙwari da ƙwayayensu, sannan ka bi ta da mayen ƙarfe. Wannan na ƙarshe wajibi ne: ƙasa tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, motar jirgi kuma tana da nata mayen ƙarfen da zai janyo shi ciki. Ka tuna mutum a HO santimita 2 ne, don haka tsakuwa mai girman ƙwayar masara ƙaton dutse ce a wurinsa.

Wurin mannawa, ka barbaɗa ƙasar a bushe, ka fesa mata ruwan da aka ɗiga wa sabulun wanke-wanke ko sifirit, sannan ka ɗiga farin gam da aka tsinka, kashi ɗaya gam kashi uku ko huɗu ruwa, da sirinji. In ka tsallake feshin, gam ɗin zai dunƙule a sama ya kwashe ƙasar. A gindin kowace fuskar dutse ka tara ɓaraguzai, manya a ƙasa, ƙanana a sama, da launin dutsen da suka faɗo daga gare shi. Ɓantararriyar filastar da ta rage maka ita ce ta fi dacewa. Irin wannan tari ba ya tsayuwa a gangaren da ya wuce digiri 35 ko kusa da haka.

Bishiyoyi nawa, kuma yaya zan sa a ga kamar akwai nisa?

Fiye da yadda kake zato, kuma manya fiye da na kanti. Bishiya mai mita 20 a HO santimita 23 ce. Ka sa irin waɗannan a gaba, suna ƙanƙancewa yayin da ake hawa, har a can sama su zama dunƙulen kore kawai. A dasa su rukuni-rukuni, sun fi cunkoso a kwazazzabo inda ruwa ke bi. A tsaunukan Alps bishiyoyi suna ƙarewa wajen mita 2,000, daga nan sai ciyawa da dutse. Ɗan gida na ma'aunin N a kafaɗar tsaunin HO yana ninka nisa a ido, muddin jirgi ba ya wucewa kusa da shi.

Abin da ke nesa yana dusashewa ya koma shuɗi-shuɗi mai toka, don haka tsaunukan hoton bango su fi na tebur haske. John Allen na Monterey a Kalifoniya, wanda shimfiɗarsa Gorre & Daphetid ta yi suna, ya gina duwatsu tun daga daɓen ɗaki har sama da kan mutum, yana ɓoye madubai don kwari ya zama kamar ya ci gaba. Gobara ta cinye ta a 1973, kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa, amma har yau daga hotunanta ake koyo.

Me zan kula da shi a ramin da jirgi ke bi ta cikin dutse?

Hannunka ya iya kaiwa ko'ina a ciki. Ka bar ƙofa ta baya, ko ta ƙarƙashi, ko wani yankin dutsen da ake ɗagawa, a ɓoye mahaɗarsa da ciyayi. Jirgi a can yake zaɓar sauka daga layi. Kafin ka manne bakin ramin, ka wuce da tarago mafi tsawo da mafi tsayi, musamman in a kwana yake. Santimita 10 zuwa 15 na farko a yi musu bango a shafa baƙi, tsakuwar dogo ta ci gaba har ciki, kada mai leƙe ya hango kwali. Sannan a samu dutse mai kauri a sama. In tudun bai taka kara ya karya ba, injiniyan gaske yanka shi zai yi, ba zai huda ba.

Ruwa da ƙanƙara fa?

Ruwan gaske a'a, yana jiƙa filasta ya sa dogo tsatsa. Zurfi da fenti ake yin sa: duhu a tsakiya, haske a baki, sannan a zuba ruwan gam mai garai-garai da ke daskarewa, siriri, bai wuce milimita 3 a zubi ɗaya ba, bayan an toshe kowace kafa don yana samun hanyar yoyo. Ruwan da ke zubowa daga dutse ana yin sa da silikon marar launi, a ja shi tsiri-tsiri a kan leda, ya bushe, a ɓare a rataya. Don ƙanƙarar da ke rufe ƙololuwa kada a yi amfani da fulawa, tana jan ƙwari tana komawa rawaya. Farin fenti da garin farin dutse sun fi.

Dole sai tsaunukan Turai ko Amurka? Ba zan iya kwaikwayon namu ba?

Za ka iya, kuma kana da tarihin da za ka jingina da shi. Ƙaramin layin dogo na Bauchi, wanda duk da sunansa daga Zariya ya tashi ya hau tudun Jos don ɗaukar kuza, ya isa can a 1914 aka rufe shi a 1957. Faɗinsa milimita 762, wanda a HO ya yi daidai da dogo mai milimita 9 da ake kira HOe. Tsohon babban layin Nijeriya mai milimita 1,067, wanda ke bi ta Kafanchan kusa da duwatsun Kagoro, ya fi kusa da dogo mai milimita 12. Kan jirgi da taragai dai sai ka gyara na wasu ƙasashe.

Duwatsun wannan yanki sun fi sauƙi ta wata fuska, don ba sa buƙatar mazubi da yawa. Curarru ne masu santsi da ke tasowa kai tsaye daga fili, irin Zuma, ko manyan ƙwallaye da suka hau kan juna irin na Riyom. Ka sassaƙa su daga soso, ka shafe da filasta siririya, ka daddanna da jiƙaƙƙen soson wanka. Abin da zai sa ɗan ƙasa ya gane su nan take shi ne baƙaƙen zirin da ruwan sama ke bari daga sama zuwa ƙasa, da jar ƙasa a gindi, da bishiyoyin da suka taru inda ruwan ke sauka. Ka yanke shawara tun farko damina ce ko rani, kada koriyar ciyawa shar ta haɗu da busasshen kogi.

Yaya zan kare shi daga ƙura, gara da tsagewa?

Ƙura ce babbar abokiyar gaba, balle inda hunturu ke kaɗawa. Ka rufe teburin da leda ko yadi marar nauyi da aka ɗaga a kan sanduna don kada ya karya bishiyoyi. Wurin sharewa, buroshi mai laushi a hannu ɗaya, bakin injin zuƙar ƙura a ɗayan, an ɗaura masa tsohuwar safa don ta tare duk abin da ya ɓalle. Saman dogo kuma a goge da tsumma da sifirit, ba da takardar yashi ba.

Inda ake da gara, a shafa wa katakon magani tun kafin a fara, ƙafafun tebur kada su zauna a kan ƙasa tsurarta, kuma soso ya fi kwali kwanciyar hankali. Tsagewa yawanci daga katako take zuwa, yana kumbura da damina yana tsukewa da rani, filasta kuwa ba ta bin sa. Busasshen katako da aka shafa wa fenti ta kowane gefe yana rage wannan. In tsagar ta riga ta fito, ka ɗan faɗaɗa ta da wuƙa, ka jiƙa, ka cike, ka rina kamar yadda aka bayyana a amsar fenti. In kuma a wurin da ya dace take, ka zuba mata baƙin rini ka dasa ɗan kurmi a bakinta.